Wa Ke Yanke Wa Ƙasa Shawara? Amsoshin Tambayoyinku Kan Harkokin Waje

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na rage tsawon wasu, amma ban taɓa ma'anar tambayar kowa ba. Sunaye kuwa na ɓoye su kamar yadda muka saba.

Daga wani ɗalibin jami'a: Malam, kullum a labarai sai mu ji an ce Amurka ta yanke shawara, Rasha ta ƙi amincewa, Najeriya ta yi Allah wadai. Ai ƙasa ba ta da baki. Wane ne ainihin mai yanke shawarar? Shugaba ne shi kaɗai?

Ɗana, da ka ce ƙasa ba ta da baki ka riga ka kama bakin zaren. 'Yan jarida suna faɗin haka ne don gajarta zance. A zahiri wasu mutane ne, kowa da muƙaminsa da burinsa da abin da yake tsoro, suke zama a wani ɗaki, a gabansu takardun da wasu daban suka rubuta. In sun tashi kuma, wasu ne can za su aiwatar da abin da aka tsayar. Shugaba yana tsakiya. Abin da aka kawo masa shi ya gani, kuma hannunsa ba ya kaiwa inda za a yi aikin.

In aka yi mini irin wannan tambaya, rikicin Kyuba na 1962 nake ɗaukowa, domin an naɗi muryoyin tattaunawar da aka yi a fadar shugaban Amurka, takardun ɓangarorin biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma sun fito fili, ba sai mun yi shaci-faɗi ba. Ranar 14 ga Oktoba wani jirgin leƙen asiri samfurin U-2 ya ɗauko hotunan wuraren da Tarayyar Sobiyet ke kafa makamai masu linzami a Kyuba, kimanin kilomita 150 daga gaɓar Amurka. Ranar 16 ga wata aka nuna wa Shugaba Kennedy. Me ya sa asiri ya tonu da sauƙi haka? Injiniyoyin sojan Sobiyet sun shimfiɗa wuraren ne daidai da fasalin da suka saba yi a gida, wanda masu nazarin hotuna na Amurka suka riga suka haddace, kuma ba su yi musu wani lulluɓi na kirki ba sai bayan an gano su. Shugabansu Khrushchev sirri yake so. Wanda aka ba aikin ginin kuwa ƙa'idar aikinsa ya bi, don ita aka koya masa. A kan irin waɗannan abubuwa masanin nan Graham Allison ya kafa hujja a littafinsa na 1971, cewa yawancin abin da muke kira matakin ƙasa aikin ma'aikatu ne da ke tafiya bisa sabo, da kuma ja-in-ja tsakanin ƙusoshin gwamnati.

Da aka shiga ɗakin taro, kowa ya zo da maganin da ofishinsa ya iya haɗawa. Manyan hafsoshi, musamman Janar Curtis LeMay na sojan sama, ruwan bama-bamai suke so a yi. Adlai Stevenson, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya karkata ga a zauna a yi ciniki. Sakataren tsaro McNamara ya tsaya kan a killace tsibirin da jiragen ruwa. Shi kansa Kennedy a ranar farko hari ne a ransa. Cikin abubuwan da suka sanyaya masa gwiwa har da amsar kwamandan da zai kai harin, wanda ya ce ba zai iya ba da tabbacin lalata makaman duka ba. Ɗaya ya tsira aka harba shi, gari guda ya tafi. Ranar 22 ga Oktoba Kennedy ya sanar da killacewa.

Ranar da nake so ka riƙe ita ce Asabar, 27 ga wata. A wannan rana kaɗai abubuwa uku suka faru waɗanda babu shugaban da ya ba da umarninsu. Janar-janar na Sobiyet da ke Kyuba suka kakkaɓo jirgin U-2, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu, ba tare da izinin Mosko ba. Wani U-2 ɗin kuma, da ya fita aikinsa na yau da kullum na ɗebo samfurin iska a can ƙuryar arewa, ya ɓata hanya ya faɗa sararin samaniyar Sobiyet, saboda babu wanda ya tuna ya dakatar da irin wannan fita a irin wannan mako. A cikin teku kuma jiragen Amurka suka ritsa wani jirgin Sobiyet mai nutso suna jefa masa ƙananan nakiyoyi don ya taso. Ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba, su kuma na ciki sun kwana biyu ba su ji daga Mosko ba, har suna zaton yaƙi ya riga ya ɓarke. Waɗanda ke cikin jirgin sun bayyana daga baya cewa wani hafsa, Vasili Arkhipov, shi ya ƙi amincewa a harba.

A nan ne kuma za ka ga inda mutum ɗaya ke da nauyi. An riga an tsayar tun kafin ranar cewa in aka harbo jirgin Amurka za a rama. Kennedy ya ce a dakata. Ya karɓi shawarar tsohon jakadansa a Mosko, Llewellyn Thompson, mutumin da ya san Khrushchev ido da ido, cewa cikin wasiƙu biyun da Khrushchev ya aiko a amsa ta farko mai sassauci. Ya kuma aika ƙanensa Robert wajen jakadan Sobiyet, Dobrynin, da alkawari a asirce cewa Amurka za ta kwashe makamanta da ke Turkiyya. Washegari Khrushchev ya sanar da janyewa. To ka ga, kalmar ƙarshe ta shugabannin biyu ce. Amma injiniya da matuƙin jirgi da hafsan da ke ƙarƙashin teku duk sun sa hannu, kuma saura ƙiris ɗaya daga cikinsu ya yanke wa duniya hukunci kafin shugabannin su buɗe baki.

Daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati: Ni na ƙare ƙuruciyata a aikin gwamnati. Abin da na sani shi ne ma'aikaci umarni yake bi. Ta yaya za ka ce ma'aikata suna da hannu a manufar ƙasa?

Ranka ya daɗe, umarni ma'aikaci yake bi, wannan gaskiya ne. Amma ka tuna wa ke rubuta takardar da umarnin ke fitowa daga cikinta. Ni ma na taɓa irin wannan aiki, na rubuta wa manya takardar shawara, kuma ga yadda abin yake. Rahoto ya zo daga ofishin jakadanci, shafi goma sha. Ƙaramin jami'in da ke kula da wannan ƙasa ya matse shi ya koma shafi biyu. Darakta ya soke sakin layi guda don yana ganin zai ta da hankali. Babban sakatare ya ƙara jimla a gefe. Kafin fayil ya isa teburin minista, balle na shugaba, ya zama shafi ɗaya da zaɓi uku a ƙasa. Na farko mai zafi ne ƙwarai, babu mai hankalin da zai ɗauka. Na uku kuwa naɗe hannu ne a zuba ido. Na tsakiya shi ne abin da ma'aikatar take so tun fil azal. Shugaba ya sa hannu a na tsakiya yana jin ya auna ya zaɓa, alhali zaɓi na huɗu da na biyar ba su ma shiga takardar ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin wannan jeri, babu wanda ya saɓa umarni.

Sannan kowace ma'aikata da idon da take kallon duniya. Soja na tunanin abin da zai iya yi da kayan da yake da su. Ma'aikatar kuɗi na tambayar wa zai biya. Jami'in jakadanci yana tunanin gobe da safe shi ne zai fuskanci mutanen can. Hukumar leƙen asiri kuma ba ta son a ce abu ya faru ba ta sani ba, don haka takan kambama haɗari. Ka ɗauke mutum daga wannan kujera ka kai shi waccan, ba a shekara sai ka ji bakinsa ya sauya.

Shugabanni sun san haka, shi ya sa wasu ke zagaye ma'aikatun nasu. Da Shugaba Nixon na Amurka ya so ƙulla hulɗa da ƙasar Sin, sai ya aika mai ba shi shawara kan tsaro, Kissinger, a asirce ta Fakistan a watan Yuli na 1971, aka ce wa duniya ciwon ciki ne ya kwantar da shi. Sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, William Rogers, ba da shi aka ƙulla ba. Abin ya yi nasara, amma Japan, babbar ƙawar Amurka a yankin, sai dab da sanarwa ta ji, kuma ta daɗe ba ta huce ba. Da ma'aikatar na ciki, abu na farko da za ta ce shi ne a sanar da Japan.

Ni dai ina tare da ma'aikata fiye da yadda mutane ke zato. Suna da nawa, suna da son kare gonarsu, amma su ne ke riƙe da tarihin abin da aka gwada a baya ya ƙi. Dubi Iraƙi. Kafin mamayar 2003, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki watanni tana nazarin yadda za a tafiyar da ƙasar bayan Saddam, amma ma'aikatar tsaro aka danƙa wa ragamar, aka ture wancan nazari gefe. Babban hafsan sojan ƙasa, Janar Shinseki, ya gaya wa majalisa a watan Fabrairu cewa za a buƙaci sojoji dubu ɗaruruwa, manyan ma'aikatar tsaro suka ƙaryata shi a bainar jama'a. A watan Mayu kuma Paul Bremer, kantoman da aka naɗa a Bagadaza, ya rusa rundunar sojan Iraƙi da takarda guda. Mutane dubu ɗaruruwa da suka iya bindiga suka wayi gari babu aiki, babu albashi. Abin da ya biyo baya kowa ya gani.

Daga wata malamar makaranta: Malam, abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda mutane masu ilimi da ƙwarewa za su taru su yanke shawarar da ko yaro ya san ba za ta yi kyau ba. Ina amfanin shawarar ke nan?

Malama, wannan tambaya ita ta fi damuna a duk fannin nan, don laifin ba na jahilci ba ne, na zaman tare ne. Shekara ɗaya da rabi kafin rikicin da na ba da labari a sama, wannan Kennedy ɗin, da kusan waɗannan mashawartan, sun amince da shirin da hukumar leƙen asiri ta CIA ta gada daga zamanin Eisenhower, shugaban da ya gabace shi: a sauke 'yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400 a wata gaɓa da aka fi sani da Bay of Pigs, wai jama'a za su tashi su mara musu baya a kifar da Castro, mai mulkin Kyuba. Aka sauke su ranar 17 ga Afrilu 1961. Cikin kwana uku aka gama da su, aka kama fiye da 1,100.

Masu shakka suna nan a gwamnatin. Arthur Schlesinger, ɗaya daga cikin mashawartan, ya rubuta wa shugaba takardu yana nuna rashin amincewa, amma in aka zauna taro sai ya yi gum. Chester Bowles, mataimakin sakataren harkokin waje, ya rubuta tasa, ba ta isa ga shugaba ba. Sanata Fulbright ne ya buɗe baki ya soki shirin a gaban kowa, aka saurare shi, aka wuce. Su kuma waɗanda suka tsara shirin su ne aka bar wa aikin auna ko zai yi nasara. Gwamnati sabuwa ce, kowa na son a gan shi da ƙarfin hali, babu mai son ya zama shi ne matsoraci a ɗakin. Kowa ya dubi shirun na kusa da shi ya ɗauka amincewa ce. Masanin halayyar ɗan Adam Irving Janis ya yi nazarin wannan lamari a 1972, ya nuna cewa yadda ƙungiya ta ƙara shaƙuwa da jin daɗin juna, haka son a zauna lafiya ke rinjayar son a gano gaskiya.

Wannan ciwo bai san dimokuraɗiyya ko kama-karya ba. A watan Maris na 1979 shugabannin Sobiyet sun ƙi tura sojoji Afganistan duk da roƙon da gwamnatin Kabul ta yi, kuma dalilan da suka bayar masu kyau ne: jama'a za su juya musu baya, duniya za ta la'ance su. Zuwa Disamba sai zancen ya koma hannun mutum uku, Andropov na leƙen asiri da Ustinov na tsaro da Gromyko na harkokin waje, tare da shugabansu Brezhnev wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Babban hafsan hafsoshi, Ogarkov, ya ce kada a shiga, aka nuna masa aikinsa bin umarni ne. Ranar 12 ga Disamba aka tsayar da magana. Sai Fabrairun 1989 suka fito, bayan sun rasa sojoji kusan 15,000, ba a ma zancen ɗimbin 'yan Afganistan da suka halaka.

Amfanin shawara yana nan, Malama, in an tsara ta yadda mai cewa a'a zai iya magana bai rasa kujerarsa ba. Abin da ya sa nake girmama Kennedy shi ne ya gyara zamansa bayan ya sha kunya. A 1962 ya gayyato mutane daga waje, ya sa aka raba mashawarta rukuni-rukuni kowa ya kare zaɓinsa a soke shi, wani lokaci ma ya bar ɗakin da gangan don kada ganin fuskarsa ya sa a riƙa faɗin abin da yake son ji. Ya gane cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shugaban da ya cika ɗakinsa da 'yan amshi, ko su ɗari ne, shi kaɗai yake shawara.

Daga wani mai sauraron labaran duniya: In haka ne, ashe halin shugaba ba shi da wani tasiri ke nan? Mu fa mun taso muna jin yadda Janar Murtala ya tsaya wa Amurka a kan Angola.

Malam, yana da tasiri, kuma misalin da ka kawo na gaske ne. Har zuwa Nuwamban 1975 Najeriya tana kan matsayin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wato a kafa gwamnatin haɗin gwiwa tsakanin ƙungiyoyi uku na Angola: MPLA da FNLA da UNITA. Da ta tabbata sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun kutsa Angola suna yaƙar MPLA, sai gwamnatin Murtala ta juya cikin 'yan kwanaki, ta amince da gwamnatin MPLA a ƙarshen Nuwamba. Shugaba Ford na Amurka ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda yake so su tsaya. Gwamnatin Murtala ta fitar da wasiƙar ga jama'a tare da martani mai zafi, shi kuma ya tafi taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa ya yi jawabinsa na 11 ga Janairu 1976. Taron ya tashi ƙasashe 22 nan, 22 can, amma kafin Fabrairu ya ƙare ƙungiyar ta amince da MPLA. Wani shugaban mai sanyin hali, da irin bayanan da Murtala ya samu, da ya ce a kafa kwamiti.

Sai dai kada mu cire shi daga zamaninsa. Yana da kuɗin man fetur a hannu, ba shi da majalisar da za ta ja masa birki, kuma ƙin jinin wariyar launin fata abu ne da talaka da soja da ɗan boko duk suka haɗu a kansa. Ƙofa a buɗe take, shi kuma ya kasance mai shiga da gudu.

Wanda ya fi nuna ƙarfin mutum ɗaya shi ne Anwar Sadat na Masar, don shi da nasa mutanen ya yi karo. Ya tashi a majalisar ƙasarsa ranar 9 ga Nuwamba 1977 ya ce a shirye yake ya je har majalisar Isra'ila, Yasir Arafat na zaune a wurin. Da yawa sun ɗauka zance ne. Bayan kwana goma ya sauka a Isra'ila, washegari ya yi jawabi a Birnin Ƙudus. Ministan harkokin wajensa, Isma'il Fahmi, ya ajiye aiki. A taron sulhu da Isra'ila da aka yi a Camp David a Amurka a 1978, wani ministan, Muhammad Ibrahim Kamil, shi ma ya ajiye. Masar ta karɓo yankin Sinai, amma aka dakatar da ita daga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa har shekara goma, batun Falasɗinawa bai warware ba, shi kuma aka harbe shi ranar 6 ga Oktoba 1981. Ko ka yaba masa ko ka zarge shi, babu ma'aikatar da za ta kawo wannan zaɓi a takarda. Hannun shugaba ya fi fitowa a lokacin rikici, in lokaci ya ƙure, ko a ƙasar da hukumomi ba su da ƙarfi. A sauran kwanaki, batun biza da bashi da yarjejeniyar jiragen sama, sau da yawa ko labari ba ya ji.

Daga wata 'yar kasuwa: Mu da ba ma cikin gwamnati, akwai ta inda muryarmu ke shiga?

Hajiya, akwai, in an haɗa kai kuma an zo a kan lokaci. Yarjejeniyar tsaro da Najeriya ta ƙulla da Ingila a 1960, zanga-zangar ɗalibai da matsin 'yan adawa ne suka sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. A Maris na 2018 majalisar zartarwa ta riga ta amince a sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, amma da masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago suka ce ba a tuntuɓe su ba, Shugaba Buhari ya fasa tafiya Kigali. Sai Yulin 2019 ya sa hannu a Yamai. A Turkiyya ma, ranar 1 ga Maris 2003, majalisa ta hana sojojin Amurka bi ta ƙasar zuwa Iraƙi, alhali gwamnati ce ta kawo buƙatar, saboda 'yan majalisa sun san abin da ke ran masu zaɓensu. Sai dai ki lura, wanda ke da ƙungiya da ofis da lauya shi aka fi ji. Ƙaramin ɗan kasuwar da rufe iyaka ke karyawa yawanci sai bayan an rufe yake samun labari.

Daga wani direban babbar mota: Malam, ka fayyace mana abin da ya faru a 2023. ECOWAS ta ba sojojin Nijar wa'adin mako guda, muka kwana da fargabar yaƙi, daga baya shiru. Wa ya ja, wa ya saki?

Ɗan'uwa, kai da ka ga layin motoci a bakin iyaka ka fi ni sanin abin da wannan mataki ya ci. Duk abin da na faɗa a sama yana cikin wannan lamari.

An kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka sa takunkumi, suka ba da wa'adin kwana bakwai, suka ce amfani da ƙarfi na cikin lissafi. Kwana huɗu ke nan tsakani. Dalilansu ba na banza ba ne. An yi juyin mulki a Mali a 2020 da 2021, a Gini a 2021, a Burkina Faso sau biyu a 2022, kuma kowane shugaba a ɗakin yana tunanin wa zai biyo baya. Ƙungiyar tana da yarjejeniyar 2001 da ta haramta karɓar mulki da ƙarfi. Tana kuma tuna Gambiya, inda barazanar soja ta sa Yahya Jammeh ya bar ƙasar a Janairun 2017. Hukuma kuwa in abu ya taɓa yi mata aiki, shi take sake ɗaukowa, ko da Nijar ba Gambiya ba ce ta fuskar girma da soja da maƙwabta.

Dubi kuma halin da Shugaba Tinubu ke ciki. Wata biyu ke nan da rantsar da shi. Ranar 9 ga Yuli aka ba shi shugabancin ECOWAS, ya kuma faɗa a fili cewa ba za a lamunci juyin mulki ba, ga shi tun ba a yi wata ba an gwada shi. Abin da mutane ke mantawa shi ne a ranar 30 ga Yuli Najeriya ba ta da ministan harkokin waje, ba ta da na tsaro. Sai 21 ga Agusta aka rantsar da ministoci. Kujerun da ya kamata a ji wata murya daga kansu babu kowa a kai.

Muryar ta zo, amma daga waje kuma bayan an riga an furta. Sashe na 5 na kundin tsarin mulki ya ce ba a tura soja yaƙi wajen ƙasa sai da amincewar Majalisar Dattawa. Shugaba ya aika mata wasiƙa, ranar 5 ga Agusta ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda da yaƙi ba, don jihohi bakwai ne ke kan iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 1,500: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Aka tura Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi, Sanusi Lamiɗo ya je ya gana da Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, tawagar malamai ma ta je. Mali da Burkina Faso kuma suka ce taɓa Nijar taɓa su ne. Ranar 10 ga Agusta ECOWAS ta ce a shirya dakarun ko-ta-kwana, amma ba su taɓa tsallaka iyaka ba.

Ni ban goyi bayan juyin mulki ba, kuma har gobe ina ganin daidai ne ƙungiyar ta nuna ba ta yarda ba. Inda nake ganin an yi kuskure shi ne jerin abubuwan. Sanatoci da gwamnonin kan iyaka da hafsoshin da za su yi yaƙin da jami'an da suka san Yamai ciki da waje, kamata ya yi a ji su kafin a ambaci kwana bakwai. Da aka ambata kuma aka kasa cikawa, sojojin Nijar suka gane iyakar ƙarfin ƙungiyar, talakawan da aka yanke wa wutar lantarki aka rufe wa iyaka kuma suka ƙara rungumar masu juyin mulkin. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu aka ɗage takunkumin, Bazoum yana tsare, babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan 30 ga Yuli da aka cika. Ficewar ƙasashen uku ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025.